Safar Hannun Hagu

Lahadi, 8 ga Oktoba 2017, ƙarfe 10:15 na safe

Ina cikin mota a bakin ofis a Al-Murabba, ina jiran injiniya ya fito. Littafin nan kamfani ya ba ni don in riƙa rubuta inda na je da inda na dawo, amma tunda babu mai duba shi yanzu, bari in cika shi da nawa. Ɗazu mudir, wato manajanmu, ya kira ni ya miƙo mini ambulan, ya ce in karanta a gida. A matattakala na karanta. Na ninke shi huɗu na tura cikin akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardun motar. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyad, ban taɓa ko goga wa wani fenti ba, wannan kawai zan ce.

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Matata Safiyya ta tambaye ni me ya sa na bar tuwo. Na ce ciki ne.

Juma'a, 13 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Yau Juma'ar ɗana Muzammil ce. Kamfaninmu ne ke kula da wani rukunin gidajen Turawa a arewacin gari, wanda muke kira kwampawun, don haka katin aikina yana buɗe mini ƙofa. A can akwai fili mai ciyawa, kuma kowace Juma'a bayan la'asar Ramil, ɗan Filifin mai gyaran lantarki, yana tara yara ya koya musu besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda, sai gudu. Safiyya ta raɗa masa suna langa ta masu kuɗi. Ni har yau ban gane wa ke cin wa ba. Ba a rubuta maki, ba a korar kowa, ɗan manaja da ɗan direba layi ɗaya suke bi, in an tashi a raba lemo.

Ɗana yana da shekara takwas, kuma yana da i'ina. Sunansa ma ba ya fita sai ya yi ta kokawa da “Mu” ɗin farko, har malamin makaranta ya gaji ya wuce shi. Larabcinsa ya fi Hausarsa nesa, amma duka biyun maƙale masa suke yi a maƙogwaro. Sai dai a filin nan. A can ihu yake yi, yana kiran sunayen yara, yana ba da umarni kamar wani sarkin tasha, kalma ba ta tsaya masa ko sau ɗaya. Ni dai ina jingine da mota ina ji, ban taɓa taka ciyawar ba.

Yau wani dogon Bature ya zo da na'ura a hannu yana auna gudun ƙwallo. Na raɗa masa suna Sahir, sunan kyamarorin kan titi masu kama mai gudu. Muzammil ya yi jifa uku, mutumin ya dubi na'urarsa, ya dubi yaron, ya tambayi Ramil ɗan wane ne. Ramil ya nuno ni. Na yi sauri na sauke ƙafata daga kan taya.

Da Turancina na direba da Larabcinsa na kasuwa muka fahimci juna. Yana da ƙungiya ta zaɓaɓɓun yara, atisaye kwana huɗu a mako, suna zuwa gasa Dammam da Kuwait da Dubai. Ya ce yaro mai jifa da hagu irin wannan, da fitila ake nemansa. Zai gwada shi mako uku, in ya yi, in sa hannu a takarda ran 9 ga Nuwamba. Sharaɗi ɗaya, wanda ya shiga nasu ba ya komawa wasan Juma'a, wai yana ɓata hannu. Ya ce iyayen yaran manyan mutane ne, likitoci da masu kamfanoni, kuma su ba sa yar da nasu.

Wannan kalmar ta ƙarshe ita na tuƙo har unguwarmu, Al-Naseem.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Da fitila ake neman bahago. Allah mai iko. Da kakarsa Inna Dije za ta ji wannan a Gumel, da ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Asabar, bayan la'asar

Mun yi ta da Safiyya tana tsinkar zogale. Ta ce a bar yaro inda yake. Ta ce kwana huɗu a mako ga makaranta ga hadda, yaushe zai zama yaro? Na ce ai wanda Allah ya ba kaifi ba a barinsa yana yanka albasa. Ta ce to ni ce mai albasar ke nan. Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ajiye faranti ta dube ni.

“Baban Muzammil, wuri ɗaya ne a duk garin nan bakin yaron nan yake buɗewa. Ɗaya tak. Shi za ka ɗauke masa?”

Na ce gwaji ne kawai, mako uku, ba aure aka ɗaura ba. Ta ce ta ji. In Safiyya ta ce ta ji, ba ta yarda ba ke nan, shekara goma da aure sun koya mini wannan.

Mun tambayi mai gayya. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce abin da Baba ya ce.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe 7:05 na safe

Na buɗe akwatin don in ɗauko tsumma, na ga gefen ambulan ɗin. Na rufe. Na goge gilashi da hannun riga.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe 2:40 na rana

Sahir ya turo jerin kayan da za a zo da su. A wurin Ramil akwai kwali cike da tsofaffin safofin kama ƙwallo, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa, amma a nan kowa da tasa. Yau da na sauke injiniya na zaga Haraj, kasuwar kayan gwanjo, na yi ta yawo cikin rana har na samu wani Bayamane mai kayan wasanni a jibge. Na ce masa safar besbol nake so, ta hannun hagu, yasar, na ɗaga hannuna na hagu na nuna masa don kada a samu kuskure. Ya tono wata ja, fatar kirki, ta ɗan sha hannu amma ɗinkinta lafiya. Na zura hannuna na hagu, ta shiga daidai. Ya ce ta yi wa yaro girma. Na ce zai girma a ciki, haka muke saye mu. Takalminsa ma da tsumma a baki yake sa shi.

Na ji daɗi, gaskiya. Rabona da in ji daɗi tun ranar matattakala. A hanya ina cewa a raina, yau dai na saya wa hannun nan wani abu.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6:50 na safe

Na ba shi kafin ya tafi makaranta. Ya ciro ta daga leda, ya juya ta, ya gwada sa hannun dama, sannan ya cire ya sa na hagu. Ya tsaya yana kallon hannun a cikin safar. Na ce ka ga, musamman na nemo maka ta wannan hannun, a nan za ka riƙa sa ta, kada in ga ka ari ta kowa. Ya ɗago ya dube ni, laɓɓansa suna motsi. Na jira. Motar makaranta ta yi hon. Da ƙyar “na gode” ta fita, ya ruga.

Ni na ɗauka murna ce ta hana shi magana.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe 4:30 na yamma

Ranar farko. Filin Sahir yana bayan gari, da katanga da mai gadi. Iyaye suna shiga su zauna a inuwa, direbobi suna waje. Mai gadin ya dubi motata da tambarin kamfani ya nuna mini wurin direbobi, ni kuma ban ce masa ni uba ne ba. Na zauna da wani ɗan Nijar, Buraima, mai tuƙa ’ya’yan wani likita. Mun sha shayi, mun zagi cunkoson hanyar filin jirgi. Na tambaye shi, kamar da wasa, ko ubangidansa yana da abokai masu neman direba. Ya ce kullum ana nema, amma sai wanda aka sani. Ya ce in ɗanka ya shiga ƙungiyar ai an san ka ke nan, mayar da kafala, wato tsayawar da ubangida ke yi wa baƙo a ƙasar nan, zuwa wani kafilin ba wuya in babba ya sa baki.

Daga bayan katanga ina jin usur da muryoyin yara. Na kasa kunne. Ban ji tasa ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba mu je wurin Ramil ba. Muzammil ya wuni a ɗaki yana jefa ƙwallo jikin katifa. Safiyya ta wanke kayan da ta wanke jiya.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe 1:20 na rana

Mudir ya gamu da ni a ƙofar masallaci ya tambaya ko na sa hannu a takardar ambulan ɗin. Na ce insha Allah. Ya ce akwai lokaci amma ba da yawa ba. Ya dafa kafaɗata. Na fi son ranar da yake yi mini tsawa.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe 5:45 na yamma

Atisaye na uku. Ya fito da safar rungume a ƙirji, yana tausa kafaɗarsa ta dama. Na tambaye shi yaya. Ya ce “t-t-t” har muka wuce gidan mai biyu, sannan ya haƙura ya ɗaga mini babban yatsa. Tamam yake so ya ce, wato lafiya lau. Na ce haka nake so, namiji. Na ce ka dage, ka nuna musu, kada ka ba ni kunya a gaban mutanen nan. Na faɗa sau biyu, ina jin kaina ina faɗa.

Laraba, 25 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Inna Dije ta kira. Ta tambayi jikanta, ta ce a ba shi waya in ya dawo. Na ce yana aiki da yawa. Gaskiyar ita ce rabonsa da karɓar waya ya fi shekara, in ya ji muryarta sai bakin ya ƙulle gaba ɗaya. Ta tambaya ko ya daina wannan ɗabi'a ta miƙa wa mutane abu da hagu. Na ce ya daina tuntuni. Ta ce madalla, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta tambaya yaushe za mu zo. Na ce layin yana yankewa.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na safe

Ya jiƙa shimfiɗa. Rabonsa da haka tun yana ɗan shekara huɗu. Safiyya ta naɗe zanin gadon, ko kallona ba ta yi ba.

Asabar, 28 ga Oktoba, kafin azahar

Malamin hadda ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce yaron ya iya surar, yana gani a idonsa, amma mako guda ke nan ko bisimilla ba ta fita. Ya tambaya ko wani abu ya faru a gida. Na ce babu. Me zai faru a gida?

Na zauna a mota na yi lissafin ranaku, ba don komai ba. Gasar Kuwait tsakiyar Disamba ce. Kafin yaro ya fita ƙasar nan ya dawo sai an buga masa izinin fita da dawowa a kan iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar. Izinin da za a buga mana nan gaba ba mai dawowa ba ne. Na rubuta wannan na so in soke, amma biron ya riga ya yi.

In dai wani daga cikin iyayen nan ya gan shi yana jifa. Mutum ɗaya kawai. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Ba abin rubutawa.

Talata, 31 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na yamma

In ban rubuta yanzu ba, ba zan rubuta ba.

Ana tsakiyar atisaye mai gadi ya zo wurin direbobi yana tambayar wane ne uban Muzammil. Buraima ya dube ni. Na miƙe na bi shi, da silifas ɗina, na wuce ta gaban iyayen da ke zaune a inuwa. Sahir yana tsaye da na'urarsa a rataye. Bai yi fushi ba, ya fi kama da wanda aka sayar wa agogo marar ƙwarya. Ya ce yaron da ya gani a wurin Ramil ba shi ne wannan ba. Ya ce mako biyu ke nan yaron yana jifa da dama, ƙwallo tana faɗuwa a rabin hanya, yara suna dariya. Ya ba shi wata safar ya ƙi karɓa. Ya tambaye shi dalili ya fi sau goma, bai samu komai ba sai yau, kalma ɗaya, Baba. Shi ne yake so ya ji daga bakina, me ya sa na hana yaro jifa da hannunsa?

Na ce ni? Ni da na zaga Haraj cikin rana na nemo masa safar hagu? Na karɓo ta daga hannun yaron na nuna masa, na ce ga ta, ta hagu ce.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗauki ƙwallo, a hankali kamar mai koya wa ɗan yaye, ya nuna mini. Hannun da ke cikin safa kamawa yake yi. Wanda ke waje shi ke jifa. Bahago a dama yake sa safa, don hagun ta zama a sake. Abin da na saya wa ɗana ya rufe masa hannun jifar ne ruf, na kuma ce masa kada in ga ya ari ta kowa.

Wata Baturiya a inuwa ta yi dariya, ba da mugunta ba. Sahir ma ya yi murmushi, ya ce ƙaramin kuskure ne, ranar Alhamis zai kawo masa ta daidai, har yanzu yana son yaron. Kowa ya ɗauka abin dariya ne. Na juya na dubi Muzammil. Shi ba ya dariya. Ya ɓoye hannun hagunsa a bayansa.

Na san wannan tsayuwar.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 9:30 na safe

Injiniya yana taro, ya ce awa biyu. To bari in rubuta abin da na daɗe ina zagayewa.

Yana da shekara uku da rabi muka lura komai da hagu yake yi. Cokali, fensir, gaisuwa. Wata rana ya miƙa wa wani dattijo Balarabe dabino da hagu a masallaci, dattijon ya janye hannunsa ya dube ni. Na kira Inna, ta gaya mini yadda aka yi wa ƙanenta Idrisu har ya daina. Na ɗauki ɗankwalin Safiyya, kore mai zanen ganye, na ɗaure masa hannun a jikinsa. Kullum daga na dawo aiki har magariba. Wata biyu. Safiyya tana kuka a kicin, ni ina cewa gata nake yi masa. Ya koyi ci da dama, ya koyi rubutu da dama, rubutun kamar tafiyar kaza. A cikin watannin nan ne maganarsa ta fara sarƙewa. Ban ce shi ya jawo ba. Likitan da muka gani ma bai ce ba, ya ce ba a sani ba. Amma ban gaya wa likitan zancen ɗankwali ba.

Na ɗauka ya manta. Yaro ɗan shekara uku me zai riƙe?

Shekara biyar hannun nan yana ɓoye, bai samu inda zai fito ba sai filin Ramil, inda ba na takawa. Ranar da na ce zan yi masa alheri, sai na sake ɗaure shi, wannan karon da fata. Shi kuma bai yi gardama ba. Ya tsaya gaban yara mako biyu ana yi masa dariya saboda Baba ya ce. Kuma ko a mota da nake ce masa kada ya ba ni kunya, ba shi nake tunani ba. Hannun da na ɗaure shi nake so ya ɗauki ni da uwarsa da iƙamarmu duka. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 5:50 na yamma

Sahir ya cika alkawari, ya kawo safar dama. Na shiga na tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin. Muzammil ya yi jifa da hagu, na'ura ta nuna abin da ake so ta nuna, wani mai kamfani ya tafa har ya tambayi sunana. Amma kafin kowace jifa sai yaron ya waiwayo ya dube ni. Bai buɗe baki ba daga farko har ƙarshe. Sahir ya ba ni takardar, ya ce Alhamis mai zuwa.

Yanzu takardu biyu ne a akwatin, ɗaya kan ɗaya. Duka biyun hannuna suke jira.

Asabar, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Na ce ya raka ni wankin mota. Muna zaune a kan dakali ana fesa mata ruwa, na ba shi haƙuri. Ban iya ba, ban taɓa yi ba, na yi ta kewaye-kewaye a kan Bayamanen da bai yi mini bayani ba. Daga baya na daina, na ce laifina ne, na safa da na wancan. Bai tambaye ni wane wancan ba. Da Larabci ya amsa, a hankali, yana tsayawa yana tashi.

“Kore ne. Mai ganye.”

Mai wankin ya zo yana tambaya ko a wanke ciki, na ce a'a da ƙarfin da ya sa ya ja da baya.

Na tambaye shi wanne yake so, na Sahir ko na Ramil, na ce wallahi abin da ya ce shi za a yi. Ya ce in ya shiga na Sahir, ba za mu tafi ba? Na ce tafi ina? Ya ce ranar da na aike shi ɗauko tsumma ya ga takardar. Da Larabci aka rubuta ta, kuma duk gidanmu babu wanda ya kai shi karatun Larabci. Huruj niha'i, fita ta ƙarshe, 31 ga Disamba. Ya ji abin da Buraima yake ce mini ta tagar mota. Mako uku yana ɗauke da wannan shi kaɗai, da bakin da ba ya buɗewa.

Na ce masa wannan kayan nawa ne, ba nasa ba. Na ce ko ya shiga ko bai shiga ba, zama da tafiya na Allah ne. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, mai kamfanin nan ya tambayi sunana. Na sake tambayarsa. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gangarawa kwata.

“Juma'a,” ya ce. Ba ta maƙale ba.

Asabar, bayan la'asar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kawo ambulan ɗin na ajiye wa Safiyya a kan tabarma. Ba ta buɗe ba. Ta ce matar wani abokin aikina ta gaya mata tun makon farko, jira take ta ga ranar da zan ɗauke ta mutum. Ta ɗaga gado ta nuna mini kwalaye shida a ninke da ta karɓo daga baƙala, shagon unguwa. Ta yi kuka. Da ta share ido ta ce ita ba ta tsoron Gumel, abin da take tsoro shi ne ta koma da yaron da ba ya magana.

Laraba, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Buraima ya kira ya ce kada in yi wauta, dama sau ɗaya take zuwa. Ya ce yaro ai mantawa yake yi. Na ce ba ya mantawa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 4:20 na yamma

Na mayar wa Sahir takardarsa babu sa hannu, da safarsa. Ya ce ina zubar da baiwar da mutum ɗaya cikin dubu ke samu. Wataƙila haka ne, kuma wannan zai daɗe yana cina. Ya ce in riƙe safar, kyauta ce ga yaron. Mutumin kirki ne, na yi masa sharri da sunan da na sa masa. Mai kamfanin yana zaune a inuwa yana waya, na wuce ta gabansa, bai ɗago ba.

Da safe na sa wa mudir hannu a tasa takardar.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 5:40 na yamma

Juma'a takwas suka rage kafin a karɓe katin ƙofar, har da ta yau. Yanzu saura bakwai.

A hanya ya tambaye ni ko akwai besbol a Gumel. Na ce babu, amma akwai fili har ya gaji da gudu, akwai ’ya’yan kawunsa da ba su da aikin yi sai jifan mangwaro. Sai ya ce, a gidan Inna Dije da wane hannu zai yi jifa? Na ce da nasa. Na ce ni zan yi wa Inna bayani, ko da yake ban san ta inda zan fara ba.

Ramil ya rungume shi kamar wanda ya dawo daga Hajji. Yara suka kewaye shi, shi kuma yana tsaye shiru da safar dama a hannu. Minti goma ban ji muryarsa ba, na ce shi ke nan na kashe wannan ma. Ramil ya rasa mai kama wa masu jifa, yana waige-waige. Jar safar tana kan kujerar baya tun ranar. Na ɗauko ta na zura hannuna na hagu, ta shiga daidai kamar ranar Haraj. Ashe tun farko kaina na saya wa.

Na cire silifas na taka ciyawar. Sanyi gare ta. Ramil ya nuna mini inda zan tsuguna, yara suna dariyar direba da jallabiya a tsugune. Muzammil ya hau ɗan tudun da suke jifa, ya dube ni, ya dubi safar. Ya fito da hannun daga bayansa. Ya ɗaga murya har mai gadin ƙofa ya waiwayo, da Hausa kuma, ba da Larabci ba.

“Baba, buɗe hannunka sosai, da ƙarfi zan jefo!”

Ban kama ta farko ba, a ƙirji ta same ni. Na kama ta huɗu. Tafin hannuna ya kumbura, da ƙyar na riƙe sitiyari muka dawo gida, shi kuma tun daga ƙofar kwampawun har Al-Naseem yana gaya mini duk abin da na yi ba daidai ba. Ban katse shi ba ko sau ɗaya.